Tsakanin Gyara da Algus: Ina Iyakar Mai Gyaran Hoto?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan karin magana ya daɗe yana yi mana alƙalanci, domin duk lokacin da gardama ta kaure tsakanin mai cewa "an ce" da mai cewa "na gani", to mai gani ake bai wa gaskiya. Da hoto ya shigo ƙasar nan sai ya gaji wannan matsayi, har ya zama idan aka miƙa wa mutum hoto, magana ta ƙare. To amma yau an wayi gari yaro ɗan shekara ashirin yana iya zama a gaban kwamfuta ya ɗauke mutum daga Haɗeja ya ajiye shi a Makka, ko ya mayar da taron mutum hamsin ya koma na dubu, kafin shayin da ke gabansa ya huce. Saboda haka ya zama wajibi mu tambayi kanmu: a ina gyara ya ƙare, a ina kuma algus ya soma?

Ba za mu shiga batun hukuncin hoto shi kansa a shari'a ba, wannan fagen malamai ne, kuma sun yi bayani a kansa. Abin da ya dame mu shi ne halin wanda ya riga ya riƙe hoton a hannu, yana da ikon sarrafa shi yadda ya ga dama.

Abin da ya jawo wannan rubutu

Mu mutanen Kaugama da sauran garuruwan da ke kwance a fadamar Kogin Haɗeja ba baƙin ruwa ba ne. Kogin Kano da na Challawa su suka haɗu suka haifi namu, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa da komawarsa suka daina bin tsarin da kakanninmu suka sani. Ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A daminar 2022 ambaliya ta yi ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba. A faɗin Nijeriya fiye da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jihar Jigawa kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Wata makaranta da muke da alaƙa da ita tana cikin wuraren da ruwa ya shiga. Bayan abin ya lafa sai aka ɗora mana nauyin shirya 'yar ƙasida ta neman agaji, wadda za a buga a takarda a kai wa masu hannu da shuni, a kuma watsa a intanet don tsofaffin ɗalibai da ke nesa su gani. Matsalar ita ce, ranar da ruwan ya cika ajujuwa kowa ta kansa yake yi, babu wanda ya tsaya ɗaukar hoto. Sai da ruwa ya janye muka ɗauka, abin da ya fito kuwa shi ne aji mai busasshen taɓo a ƙasa, bencina a karairaye, da wani shati mai duhu a jikin bango inda ruwan ya tsaya.

Muka ɗauki hotunan muka nufi wani shagon kwamfuta a cikin Haɗeja. Mai shagon matashi ne mai ladabi, ya kuma san aikinsa. Da ya duba sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan hoton ba zai sa kowa ya sa hannu a aljihu ba. Ku bari in mayar muku da ruwan. Ina da hoton ambaliyar wani wuri, zan ɗauko ruwan in zuba a ajin nan daidai wannan shatin, ba zan ƙara ko taƙi ɗaya ba."

Muka ce, "Ɗan samari, ai wannan ƙarya ke nan."

Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ƙarya ta ina? Ruwa bai shiga ajin ba? Bai kai nan ba? Abin da ya faru zan nuna, mai hoto ne kawai ya makara."

Gaskiyar magana, a wannan lokaci ba mu da amsar da za mu ba shi. Mun ƙi yarda, amma ƙin namu na ɗar-ɗar ɗin zuciya ne kawai, ba na hujja ba. Tun daga ranar muke jujjuya maganarsa, kuma wannan maƙala ita ce amsar da ya kamata a ce ya samu.

Yadda aikin yake

Kafin a yanke wa abu hukunci ya kamata a san shi. Manhajar da ta fi shahara a wannan sana'a ita ce Photoshop, wadda wasu 'yan uwa biyu Amurkawa, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙiro, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. A shagunanmu akan haɗa ta da CorelDRAW, wadda masu tsara katin biki da kalanda da fasta suka fi sabawa da ita.

A wurin kwamfuta, hoto tarin ɗige-ɗige ne ƙanana, kowane ɗigo da lambar launinsa. Duk wanda ya iya canza lambar ya canza hoton. Akwai gyaran da ba makawa sai an yi shi. Alal misali, fuskar kwamfuta da ta waya da haske suke haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, ita kuwa maɗaba'a da tawada huɗu take aiki: shuɗi mai haske, ja mai sirkin hoda, rawaya da baƙi. Idan ba a juya hoton daga wancan tsari zuwa wannan ba, koren shinkafar da ka gani shar a allo zai fito a takarda kamar ya sha ƙura. Haka nan hoton da za a buga yana bukatar ɗigo wajen 300 a kowane inci, alhali wanda za a ɗora a intanet rage masa nauyi ake yi don ya buɗe da wuri a wayar mai ƙaramin data. Akwai kuma yanke gefe, da ƙara haske, da goge ƙurar da ta hau tsohon hoto.

Sannan akwai kayan aikin da suka wuce nan. Akwai wani mai kama da hatimi, wanda ke kwafo wani sashe na hoto ya manna a wani wuri. Tun 1994 manhajar ta zo da tsarin falle-falle, watau a jera hotuna wani kan wani kamar takardu masu shara-shara, a ɗora mutum a falle ɗaya, ginin bayansa a wani, sararin sama a wani, a haɗe su su zama ɗaya. Daga 2023 kuwa an sa mata ƙirƙirarriyar basira, ta yadda rubuta mata kawai za ka yi cewa ta cika ɗakin nan da ruwa, ta cika. Duk waɗannan a akwati ɗaya suke, hannu ɗaya ke riƙe da linzamin. Na'urar ba ta bambance mai share ƙura da mai share mutum ba.

Babu hoton da bai sha gyara ba

Wani zai ce ai mafita a fili take: a bar hoto yadda kyamara ta ɗauko shi. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta da ƙafar tsayawa. Tun kafin a danna kyamara an riga an yi zaɓi, domin mai ɗauka ne ya ga dama ya tsaya nan bai tsaya can ba, ya sa wannan a ciki ya bar wancan a waje. Ita kanta kyamarar ba adila ba ce. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin wankin hoto da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, shi ya sa fuskokin iyayenmu a tsofaffin hotuna masu launi sukan fito duhu, ba ka ganin komai sai ido da haƙori. Wanda ya ƙara wa irin wannan hoto haske har kamannin mutum suka bayyana, gaskiya ya dawo da ita. Wayoyin yau ma kafin su nuna maka hoto sun riga sun gyara shi a cikinsu ba tare da sun yi shawara da kai ba.

Haka kuma algus a hoto ya girmi kwamfuta. A Tarayyar Sobiyet, bayan an kashe Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki, a 1940, an goge shi daga hoton da ya ɗauka tare da Stalin a bakin wata mashigar ruwa, aka cike gurbinsa da ruwa kamar ba a taɓa halittarsa ba. A watan Fabrairu na 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar uwarta don hoton ya shiga bangonta. A watan Yuni na 1994 mujallar Time ta ƙara wa fuskar O.J. Simpson duhu a bangonta, asiri kuwa ya tonu ne domin Newsweek ta buga wannan hoton a makon ba tare da ta taɓa shi ba.

Ashe ke nan ba za a iya shata iyaka tsakanin hoton da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba. Dole a nemi iyakar a wani wuri.

Mai tatsuniya da mai shaida

A nan ne sana'armu ta rubutu take da abin cewa. Mu marubuta ƙagaggun labarai kullum cikin faɗin abin da bai faru ba muke. Muna haifar mutanen da ba a haifa ba, mu aurar da su, mu kashe su, amma babu mai hankalin da ya taɓa kai mu gaban alƙali a kan ƙarya. Dalili kuwa akwai yarjejeniya tsakaninmu da mai karatu. Kakanninmu mata sun fi kowa kiyaye wannan. Kafin tsohuwa ta soma sai ta ce ga ta nan ga ta nan ku, a amsa mata, in ta gama kuma ta rufe da ƙurunƙus, har ta jingina abin ga Gizo. Ta buɗe ƙofa a gaban kowa, ta rufe a gaban kowa, babu yaron da zai tashi da safe ya tafi neman gidan Ƙoƙi.

Hoto ma yana da irin tasa tatsuniyar. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 za su tuna da ɗakin mai hoto, da labulen da aka zana wa jirgin sama ko bene mai hawa uku ko lambun furanni. Saurayi zai tsaya ya dafa wayar tarho wadda ba a jona ta da komai ba. Shahararren mai hoton nan na Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakinsa a 1948, har agogo da rediyo da babur yake ara wa masu zuwa wurinsa. Babu wanda aka yaudara, domin zanen labulen shi ne ga ta nan ga ta nan kun mai hoto. Haka yau idan aka ɗora amarya da ango a cikin zoben furanni a kalandar biki, ko aka tsara bangon littafi da fuska uku suna shawagi a sararin sama, kowa ya san ado ne.

Amma akwai wani hoton da ke shigowa ba da sallamar tatsuniya ba. Hoton jarida, hoton da ke jikin takardar neman agaji, hoton kayan sayarwa, hoton aikin da ɗan kwangila ya ce ya kammala, duk waɗannan matsayin shaida suke tsayawa. Abin da suke faɗa wa mai kallo shi ne: da kana wurin a wannan lokaci, abin da idonka zai gani ke nan. Wannan alkawari ne, ko da ba a furta shi ba. Saboda haka a ganinmu tambayar da ta dace a yi ita ce, me mai kallo ya ɗauka ana ba shi? Idan ya ɗauka ado ne, aka ba shi ado, an yi gyara. Idan ya ɗauka shaida ce, aka ba shi ƙira, an yi algus, ko da ɗigo ɗaya aka canza.

Kalmar algus daga kasuwa muka aro ta, kuma da gangan. Ya zo a hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tuhume shi a kan me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma nesanta mai ha'inci daga tafarkin Musulmi. A lura, mutumin nan bai furta ƙarya ko ɗaya ba, shiryawa kawai ya yi yadda ido zai yanke hukuncin da ba daidai ba. Duk wanda ya taɓa sayen buhun shinkafa a kasuwar Haɗeja ko ta Gujungu ya tarar da samansa daban ƙasansa daban, ya san zafin wannan. Mai gyaran hoto shi ma mai shirya wa ido tsibi ne.

Hujjar mai kyakkyawar niyya

Yanzu sai mu koma ga matashin nan, domin hujjarsa ba ta ɓarawo ba ce. Bai nemi ya cuci kowa ba, yara yake so su samu benci. Kuma abin da zai nuna ya faru. To ina laifin?

Laifi na farko shi ne, abu biyu ne ya cakuɗa. Cewa ruwa ya shiga aji gaskiya ne, kuma muna da damar mu rubuta haka da manyan baƙaƙe mu sa hannu. Amma hoton zai ƙara wata magana ta biyu, cewa kyamara ta ga wannan ruwa a wannan ɗaki, wannan kuwa bai faru ba. Misalinsa kamar mutumin da ya tabbata an yi sata, ya ma san ɓarawon, amma ba ya wurin, sai ya je gaban alƙali ya rantse cewa a kan idonsa aka yi. Satar gaskiya ce, shaidar kuwa zur ce.

Irin wannan hujja an sha kawo ta a manyan wurare. A watan Satumba na 2010 jaridar Al-Ahram ta Masar ta buga hoton shugabanni suna tafiya a fadar White House, ta ɗauko Hosni Mubarak daga baya ta sa shi a gaban Barack Obama. Da aka yi ca a kanta, editan ya kare kansa da cewa hoton yana bayyana matsayin Masar ne a sha'anin sulhun Gabas ta Tsakiya. Watau shi ma yana ganin ya nuna wata gaskiya da kyamara ta kasa kamawa. Duniya dai dariya ta yi.

Wanda ya fi kama da namu shi ne abin da ya faru a watan Agusta na 2006, lokacin da Isra'ila take ruwan bama-bamai a Labanon. Wani mai ɗaukar hoto, Adnan Hajj, ya yi amfani da hatimin kwafin nan ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut. Bama-baman gaskiya ne, gidajen da suka rushe gaskiya ne, mutanen da suka mutu gaskiya ne. Amma da aka gano, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da shi, ya kuma janye hotunansa fiye da 900, har da waɗanda ba a taɓa ba. Masu son musanta wahalar mutanen Labanon kuwa suka samu sandar duka. Ɗan hayaƙin da ya ƙara bai taimaki kowa ba, sai ma ya shafa wa na gaskiyar baƙin fenti. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A gida ma mun gani. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilu na 2014, wasu hotunan da suka fi yawo a duniya da sunansu ba nasu ba ne. Na wasu 'yan mata ne a Gini Bisau, waɗanda wata Ba'amurkiya mai suna Ami Vitale ta ɗauka shekaru kafin nan, aka kwaso aka manna musu rubutu. Waɗanda suka yi haka tausayi ne ya motsa su, amma sun ari fuskar 'ya'yan wasu ba da izini ba, suka jingina musu musibar da ba ta same su ba. Ruwan da matashin nan zai zuba mana a aji shi ma ruwan wasu ne, wanda ya ci gidajen wasu.

Wa ke biyan bashin?

Akwai masu cewa ai yanzu kai ya waye, kowa ya san ana gyara hoto, saboda haka babu wanda ake yaudara. Da ma haka ne. A watan Oktoba na 2019 katin gayyata na bogi ya karaɗe wayoyin jama'a, wai marigayi Shugaba Muhammadu Buhari zai auri ministarsa Sadiya Umar Farouq, mutane da yawa kuwa suka gaskata har sai da fadar shugaban ƙasa ta ƙaryata. Kati ne kawai da wani ya zauna ya tsara, irin wanda kowane shago ke yi a kullum.

Amma a ce ma kowa ya waye ya daina yarda da hoto, to wannan ita ce babbar asarar. A tuna da jita-jitar da aka yi ta yaɗawa cewa Buhari ya rasu an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan, ana ta jera hotuna ana auna kunne da hannu. Abin ya kai ga a watan Disamba na 2018, a ƙasar Folan, shugaban ƙasa da bakinsa ya tsaya yana tabbatar wa 'yan Nijeriya cewa shi ne shi. Idan ƙarya ta yi yawa, abin da ke biyo baya shi ne a daina gaskata mai gaskiya.

Yarda da hoto kamar rijiyar gari take, kowa na sha, kuma duk wanda ya jefa ƙazanta ciki ba kansa kaɗai ya cuta ba. Mai mulki yana da kakaki da gidan rediyo, mai kuɗi yana da lauya. Manomin da ruwa ya shanye masa shinkafa a Auyo ko Kafin Hausa ko Guri ba shi da wata shaida da ta wuce hoton da ɗansa ya ɗauka da waya. Ranar da jami'in da ke zaune a Dutse ko Abuja ya saba da ganin ambaliyar da aka ƙera a kwamfuta, ranar ce zai kalli hoton manomin nan ya taɓe baki ya ce haɗi ne. Da mun yarda an zuba mana ruwan, da bencin da za mu samu da amincin wannan manomi muka saye shi.

Namu kason, mu marubuta

Kada mu ɗora wa masu shaguna laifin duka, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke zuwa mu ce a yi. Tun daga lokacin da littattafanmu suka bar zanen hannu suka koma bangon da ake haɗawa a kwamfuta, sau nawa muka ɗauko fuskar wata baiwar Allah daga intanet muka manna a littafin da ke ba da labarin kishi ko cin amana, ba tare da ta sani ba? Bangon littafi ado ne, ba a yaudari mai saye ba, amma ita mai fuskar an ci haƙƙinta. Sau nawa kuma muka ce a ƙara wa jarumar bango fari, har ƙannenmu suka tashi da tunanin cewa kyau da farar fata tagwaye ne, suka faɗa wa man bilicin? A Faransa tun watan Oktoba na 2017 doka ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi, idan an canza surar jikin mai tallar. Mu ba sai mun jira doka ba.

Ga abin da muke ba da shawara, ga marubuci da mai tsara shafi baki ɗaya. Da farko a tantance hoton: na ado ne ko na shaida? Idan na shaida ne, a tsaya ga haske da launi da yankan da bai canza ma'ana ba, kada a ƙara abin da babu, kada a cire abin da ke akwai. Na biyu, idan an haɗa hoto don misali, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗawa aka yi, layi ɗaya ya isa. Na uku, kada a ɗauki fuskar mutum ko aikin wani mai hoto sai da izini. Na huɗu, a adana hoton asali, falle na can ƙasa, kada a goge shi. Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin da ya fi sauƙi: idan za ka iya ajiye na asalin kusa da wanda ka gyara a gaban wanda ka yi domin shi ba tare da ka sunkuyar da kai ba, to gyara ka yi. Idan kuwa za ka so ka ɓoye na asalin, ka riga ka san sunan abin da ka aikata.

Kammalawa

Mai karatu zai so ya ji yadda muka ƙare da matashin nan. Mun koma makarantar, muka jingina babbar rular allo mai tsawon mita ɗaya a jikin bango, muka sake ɗaukar hoton yadda kowa zai ga inda shatin ruwa ya kai. Shi kuma ya daidaita haske har shatin ya fito sosai, ya juya launin don maɗaba'a, ya rage nauyin na intanet, muka rubuta ranar da aka ɗauka da bayanin cewa ruwa ya riga ya janye. Aiki ya yi kyau, kuma gwanintarsa ce ta fito da shi.

Ba za mu ce gaskiya ta biya mu nan take ba. Agajin da aka samu kaɗan ne, ɗalibai da dama sun ƙare wannan zango a kan tabarma, kuma mai yiwuwa ne da an zuba ruwan a samu fiye da haka. Gaskiya tana da farashi, wani lokacin ma ba mai faɗinta ne kaɗai ke biya ba. Amma mu da muke tsayawa gaban yara muna hana su satar amsa a jarrabawa, da wane ido za mu kalle su idan suka ɗauki ƙasidar suka ga ruwan da suka san ba a ɗauke shi a hoto ba? Kuma kogin nan yana nan, damina ma tana tafe. Wata rana za mu sake bukatar a yarda da mu.

Allah Ya sa mu dace, Ya tsare alƙalumanmu da hannayenmu daga shaidar zur. Wassalam.

Kaugama, Jihar Jigawa.